Kujerar Malam Badamasi

Ranar da labari ya iso Riyadh cewa Malam Badamasi zai yi ritaya, ina kicin ina yanka albasa na ji maigidana ya rafka salati a falo. Na fito da wuƙa a hannu na ce, "Wa ya rasu?" Ya ce ba wanda ya rasu, Malam ne zai sauka daga kujera. Na ce Allah ya sa a sauka lafiya, na koma kan albasata.

Bari in yi muku bayani, don ba kowa ne ya yi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Garin Tsamiya ba. Malam Badamasi shi ne daraktan wasannin kwalejin tun wasu daga cikin tsofaffin ɗalibansa suna rarrafe. Shi ya sa aka share filin ƙwallo, shi ya dasa darbejiyar da ta kewaye shi, kuma a hannunsa yaran kwalejin suka ɗauko kofin gasar kwalejoji har sau biyu. Tsofaffin ɗaliban da neman abinci ya kawo Riyadh suna da ƙungiya, suna da zauren hira a waya, kuma ba su da wata magana da ta wuce wannan kofi. In ka ji yadda suke ba da labarin wasan ƙarshe, sai ka rantse kowannensu yana cikin fili a ranar, alhali yawancinsu a kan katanga suka kalla.

Maigidana kam yana cikin fili. Sunansa Almustafa, yau dai na faɗa don labari ya fita daidai. Shi ne kyaftin a shekarar kofi na biyu, da ya gama karatu kuma Malam ya riƙe shi a ofishin wasanni yana horar da yara. A can muka haɗu, ina nas a asibitin kwalejin, ya zo da targaɗe yana cewa ba ya jin zafi, gumi na zuba. Da na samu aiki a wani asibiti a nan, ni na fara zuwa, shi ya biyo baya. Aikin da ya samu shi ne kula da sito a wani kamfanin roba a Birnin Masana'antu na Biyu. Kullum da asuba motar kamfani ta ɗauke shi daga unguwarmu Ulaisha, ya wuni tsakanin kwalayen bokiti da kujerun roba, ya dawo da yamma yana warin roba. Ranar Juma'a kaɗai yake zama mutum, in ya rataya usur yana alƙalancin wasan 'yan ƙungiya, magidanta masu tumbi da ke gudu kaɗan su tsaya su dafa gwiwa.

Mutumin nan gida yake so. Bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, amma ni nake zaune da shi. In an turo bidiyon wasan kwalejin, wanda wani yaro ya ɗauka hannu na rawa, sai ya zauna ya kalle shi tun daga farko yana yi wa 'yan wasan faɗa da sunayensu. 'Yarmu Hanan kuwa in kakarta ta kira waya, tsohuwa na Hausa ita tana amsawa da Larabci, sai in ga ya tashi ya bar ɗakin. Abin yana cin ransa, ni ma yana cin nawa.

To, al'adar kwalejin ita ce darakta mai barin gado shi ke ba shugaban kwaleji sunan wanda zai gaje shi, kuma ba a taɓa mayar da sunan ba. Sunaye biyu ake ambata. Akwai Najib, mataimakin Malam na yanzu, akwai kuma maigidana.

Zauren nan ya kama da wuta. Akwai wani Kamil mai sayar da wayoyi a kasuwar Batha, shi bai iya rubutu gajere ba, bai iya saƙon murya gajere ba. Ya ce bayan Malam gara a nome filin a shuka masara, don ƙwallo ta mutu a Garin Tsamiya. Wani ya ce ai Malam ya daɗe da tsufa, salon wasansa tun na zamanin rediyo mai batir shida ne. Aka cire shi daga zauren, ya ba da haƙuri, aka mayar da shi. Aka kawo shawarar a saya wa Malam alkyabba irin ta Larabawa a aika masa, sai rigima ta koma kan launi, masu baƙa da masu ruwan ƙasa suka daina gaisawa. Najib kuwa ba irin sunan da bai sha ba. Kamil ya ce shi ya san Najib tun suna makaranta, bai taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba sai in ta fita waje ya ɗauko.

Daga nan Kamil ya ɗaga tuta, ya ce sai Almustafa. Ba su tsaya nan ba. Wata Juma'a suka sa maigidana ya ari kwat, suka kai shi gaban wani dogon bene na gilashi a kan babban titi, suka ɗauke shi hoto ya harɗe hannuwa. Benen nan ko ƙofarsa bai taɓa taɓawa ba. Suka rubuta a ƙasa, "Daga Saudiyya zuwa Garin Tsamiya, gogan naku ya dawo," suka watsa. Kafin ka ce kwabo hoton ya zaga har wayar ƙanwata. Ta kira ni ta ce, "Yaya, ashe haka Allah ya ɗaukaka ku kuka yi shiru?" Na ce mata a ci gaba da addu'a.

Na tare shi da maganar yana cin abinci. Na ce, "Abban Hanan, in Malam ya ba ka, za ka karɓa?"

Ya ce, "Ai ba a ba ni ba."

Na ce, "Na ce in an ba ka."

Ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Na ce amin, amma ina da idanu. A makon nan na gan shi ya ciro tsohuwar rigarsa ta horo daga ƙasan akwati ya gwada, zip ya ƙi hawa, ya riƙe numfashi har ya hau. Na ji shi a waya yana tambayar wansa makarantun firamaren da ke kusa da kwaleji. Na gaya masa a fili cewa kwantiragina ya kusa ƙarewa, in ya samu ba zan sabunta ba, aikin nas ba ya ƙarewa a gida. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce miyar ta yi daɗi.

Ƙungiya ta shirya walimar girmama Malam ranar Juma'a bayan la'asar. Suka kama istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya na wuni, mai katanga da ɗan fili da ciyawa. Maza suka shimfiɗa dardumai a waje, mu mata muna ɗakin ciki, tagar kicin kuma tana kallon inda suke. An yi odar kabsa tire-tire, ni kuma na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe don kada a ce an yi taron 'yan Garin Tsamiya da shinkafar Larabawa kaɗai. Tsarin shi ne za a kira Malam ta bidiyo, a haɗa wayar da lasifika, kowa ya yi jawabi.

Aka kira, ya ɗauka. Daga taga ina hango fuskarsa a wayar da aka jingina da kwalbar ruwa, ya tsufa, amma muryar tana nan. Shugaban ƙungiya, Injiniya Jibrin, wanda ke aikin gine-gine a Dir'iyya kuma shi ne babba a cikinsu, ya fara jawabi. Ya faro tun daga ranar da ya shiga kwaleji da akwatin ƙarfe. Kamil ya karɓa, ya ce Malam uba ne, Malam bango ne, ya fashe da kuka, aka ba shi ruwa ya ci gaba. Har wanda ya ce salon Malam ya tsufa ya miƙe ya ce a duk Afirka ba a yi mai hangen nesa irinsa ba. Malam yana ta cewa na gode, na gode, Allah ya yi albarka.

Da suka lafa, sai Malam ya ce, "Almustafa yana wurin?"

Aka ce ga shi. Aka tura shi gaban waya, ya durƙusa kamar Malam na zaune a gabansa. Ni kuma na ajiye ludayi na matsa jikin taga.

Malam ya ce, "Almustafa, shugaban kwaleji yana jiran suna daga gare ni. Ba zan ɓoye maka ba, kai ne a raina tun ba yau ba. Ga 'yan'uwanka nan shaida. In na ba da sunanka, za ka dawo ka riƙe mini wurin nan?"

Na ce a raina, bawan Allah, kalma ɗaya ce.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malam, ai ni ban isa ba. Ina ni ina kujerarka? Akwai waɗanda suka fi ni cancanta."

Ban ji haushi ba a lokacin, don haka ake yi. Ko limanci aka ce mutum ya ja a masallaci, sai ya ja da baya ya ce a'a, wane ya shiga, sai an dafa kafaɗarsa an tura shi gaba. Wanda aka yi wa tayin girma ya ce "na karɓa" tun a karon farko, har ya mutu ana cewa dama jira yake. Ƙin farko gaisuwa ce kawai. Abin da ya rage shi ne babba a wurin ya ce, "Kai, rufe mana baki, Malam ya gama magana," sauran su ɗauka da hayaniya, shi kuma ya ce to, tunda kun matsa. Kowa a wurin nan ya san wannan, da shi aka raine mu.

Na dubi Injiniya Jibrin. Injiniya ya cire tabarau yana share ido. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu akbar! Jama'a kun ga tarbiyyar Malam? Ana ba shi kujera yana gudu! A wannan zamani!"

Kamil ya yi kabbara, sauran suka amsa. Wani ya ce wallahi irin su Almustafa sun ƙare. Wani ya ce a rubuta wannan a tarihi. Suna ta yabon gudun da ya yi, ba wanda ya tuna ya tare shi. Shi kuma yana durƙushe, kansa a ƙasa, yana jiran hannun da zai dafa kafaɗarsa.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Na gode, ɗana. Ka yi mini kara, ka ƙi ni cikin mutunci. Dama na san tambayar ba ta dace ba. Na ga hotonka a gaban ofishinku, har na nuna wa Hajiya. Mutumin da Allah ya kai wannan matsayi, ba a ce masa ya dawo yana rigima da 'yan kwangila a kan raga da farar ƙasa. Na tambaya ne don kada zuciyata ta riƙa cewa ban tambaya ba."

Maigidana ya ɗago ya ce, "A'a Malam, ba haka ba ne, wato..."

Malam ya ce, "Kada ka ba ni haƙuri, ba ka yi mini laifi ba. Ka zauna ka riƙe abin da Allah ya ba ka, ka kula da iyalinka. Najib zan ba su. Yaro ne mai haƙuri, zai koya. Ku taya shi da addu'a."

Aka shafa fatiha. Kamil, wanda bakinsa bai gama bushewa daga zagin Najib ba, ya ce ai shi tun suna makaranta ya ga alamun shugabanci a tare da yaron. Aka kashe waya, aka jawo tiren kabsa.

Wallahi na ji kamar in fita tsakiyar dardumar nan in kife musu tiren a ka. Matar Injiniya ta dafa ni ta ce, "Maman Hanan, kin yi dacen miji, ba ruwansa da son girma." Na ce mata haka ne, Allah ya bar mu tare.

Ba su gama ba. Bayan an ci an sha, Injiniya ya miƙe ya ce tunda Almustafa ya ƙi kujerar gida saboda tawali'u, ƙungiya ba za ta bar shi haka ba. Daga yau an naɗa shi Daraktan Wasanni na reshen Riyadh, har iya rayuwarsa. Aka yi tafi. Aikin daraktan shi ne wanda dama yake yi, wato ya kama musu fili ranar Juma'a, ya zo da ƙwallo, ya raba su faɗa. Ya tashi ya yi godiya, har da murmushi. Kamil ya rungume shi ya ce, "Darakta! Da ka tafi wa zai riƙa busa mana?"

Ni ban iya zama ba. Na shige can ƙuryar kicin na nemo lambar Hajiya Muhibba, matar Malam, wadda na sani tun ina asibitin kwaleji. Muka gaisa, na tambayi jikoki, na yi mata murnar saukar Malam lafiya. Sannan na ajiye kunya gefe na ce, "Hajiya, magana ce a bakina. Abban Hanan yana son aikin nan. Kawaici ne ya sa ya ce a'a. Hoton nan da kuka gani ba ofishinsu ba ne, a sito yake aiki. Don Allah ki gaya wa Malam."

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Allah sarki Sailuba, 'yar albarka. Kin ga Malam bai ji daɗi ba shi ne kike son ki faranta masa. Har da cewa sito! Ke dai ba ki canja ba."

Na ce, "Hajiya, wallahi da gaske nake."

Ta ce, "Na sani, na sani, ku duka biyun akwai kara. Kada ki damu, Malam ya fahimta, bai riƙe ku da komai ba. Yana ajiye wayarku ya kira shugaban kwaleji, ya kira Najib. Yanzu haka ma ya tafi gidan su Najib ɗin, an ce mutane sun fara cika ana ta murna. Ki gaishe mini da Hanan, a turo mana dabino."

Na ce za a turo.

Muka fito ana kiran magariba, muka tsaya ya yi salla a wani masallaci a bakin hanya, muka kama hanyar Ulaisha. Hanan tana baya tana wasa da wayata. Muna shigowa gari na kasa haƙuri.

Na ce, "Ka kira Malam da kanka. Yanzu. Ka gaya masa gaskiya."

Ya ce, "In ce masa me? Ya faɗi sunan Najib a gaban jama'a, ya kai wa shugaba. In sa dattijo ya zama mai magana biyu a makonsa na ƙarshe? In cire wa Najib loma daga baki, mutane na gidansa suna masa murna?"

Na ce, "To shi ke nan, Darakta."

Ban kyauta ba, amma raina a ɓace yake. Muka zo wata danja ta tsayar da mu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Can ya ce, "Sailuba."

Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Hanan. Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Wallahi ina so. Tun ranar da na sauka a garin nan nake so. Ba abin da nake so a duniya kamar in tsaya a bakin filin nan da yamma yara suna gudu."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara da shekaru ina jiran ya faɗi wannan magana, sai yau ya faɗe ta, a mota, kuma ni ya faɗa wa, ni da ba ni da kujerar da zan ba shi.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa ɗazu, Abban Hanan?"

Ya ce, "Na zaci za su matsa mini."